Goron da Ya Kwana a Firigo

"Ka koma, Ziyad… don girman Allah ka koma kafin ta gan ka!"

Mubaraka ce tsaye a bakin zaure, hannu ɗaya dafe da mayafin da iska ke fizga, ɗayan yana tura ƙofa kamar da gaske rufewa za ta yi. Amma turin na wanda ba ya son a tafi ne.

"Daga Parakou fa nake, Mubaraka. In juya ban gaida Iya ba?"

"Iya ta ce ko inuwarka kada ta gani a gidan nan!"

Ya ɗaga kai ya dubi sama, ya dawo da idonsa kanta.

"To ai yau babu rana. Ina za ta ga inuwar?"

Ta harare shi. Dariya ta taso mata, sai dai hawaye ya riga ta fitowa. Sati uku rabonta da ganin fuskar nan, sati uku tana cin abinci kamar magani, shi kuma ya zo yana mata wasa da hankali.

"Kin rame, ma chérie, masoyiyata…"

"Wa ya jawo?"

Ya sunkuyar da kai. Ya san wanda ya jawo.

Duk garin Djougou babu wanda bai san Hajiya Lubabatu ba, wadda ake kira Iya Mai Goro. Kakanninta fatake ne da suka sauke kaya a garin tun zamanin jakuna, suka ga wuri suka zauna. A cikin goro aka haife ta, a cikinsa ta tsufa, ta shinshina huhu ta gaya maka kwanansa nawa a hanya. Ita ta raini Mubaraka tun daga yaye. Alhaji Sufyan, mahaifin yarinyar, gemunsa ya yi fari, amma in uwarsa ta ce a'a, to shi ma a'a ce.

Shi kuwa Ziyad ɗan masu sayar da kwanon rufi ne a Parakou. Kaya ya kawo wa masallacin unguwarsu, ya roƙi ruwan sha a ƙofar gida, Mubaraka ta miƙo masa moɗa. Daga ranar ƙishirwarsa ba ta sake kama shi a wani gari ba sai a Djougou.

Komai ya tafi daidai har ranar da baffanninsa suka kawo goron neman aure. Farin goro ƙwarya biyar, manya zaɓaɓɓu. Aka ajiye a gaban Iya, aka kwance ganye. Sai ga goro ya yi baƙi, ya yi laushi, yana tsatsafo da ruwa. Ashe angon namu, don tsabar son kada goronsa ya yi yaushi, a firigo ya kwanar da shi, can ɓangaren ƙanƙara!

A wani gidan da an yi dariya an wuce. Amma a kai wa Iya Mai Goro mataccen goro? Ai an zagi kakanninta.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta dai mayar da ganyen ta rufe, ta ce, "Ku ɗauke gawarku. Wanda ya kashe goro a dare ɗaya, ba zan damƙa masa abin da na yi shekara ashirin da biyu ina raino ba."

Sau nawa Mubaraka ta tambaye shi a waya, yaya aka yi ka yi wannan ɗanyen aiki? Amsarsa ɗaya ce kullum: "Kuskurena ne."

Yanzu ga shi a ƙofa, ga gabas ta yi jawur, bayan jan kuma wani baƙin hadari ya taso kamar bango. Ruwan farko na bana ne, kuma kowa ya san na farko ba ya zuwa da ladabi. Mutanen gida duk sun tafi bikin suna a ƙauyen Sérou tun safe, daga ita sai Iya da ciwon gwiwa ya hana tafiya.

Ƙarar moto ta katse su. Adnan ne, ɗan ƙanin babanta, ya turo babur ɗinsa cikin zaure yana kakkaɓe riga. Tun suna yara yake cewa Mubaraka tasa ce, ita kuwa tun suna yara take ce masa ya nemi wata. Babu wanda ya kai shi yaɗa labarin goron a kasuwa.

"A'a! Wa nake gani? Mai ƙanƙara ne da kansa?" Ya yi dariya. "Yau me aka daskarar mana?"

"Yaya Adnan, ba na so."

"Ke ce ba kya so. Iya kuwa tana so a kore shi, ni kuma jikanta ne."

Ziyad kuwa hankalinsa na wani wuri. Kansa ya karkata gefe kamar mai sauraron kiran salla daga nesa. Fara'ar fuskarsa ta ɗauke.

"Mubaraka, wane ɗaki ne wancan mai sabon kwano?"

"Na Iya ne. Me ya faru?"

"Saurara."

Ta kasa kunne. Cikin hucin iskar akwai wani sauti, ƙiiit… ɓam, ƙiiit… ɓam. Rufin ɗagawa yake yana komawa.

"Ƙusoshin sun saki katako. Wannan rufin ba zai kai la'asar ba. Akwai ɗakin da ba kwano a gidan nan?"

"Soron goro… na ƙasa ne, tun na kakan Iya."

"Can za mu."

Bai jira izini ba ya ratsa tsakar gida. Adnan ya bi shi yana, "Kai! Kai! Gidan ubanka ne?" Mubaraka ta bi su a guje.

Iya na zaune a kan gadonta da carbi da mafici. Ziyad ya cire takalmi, ya zube a bakin ƙofa.

"Barka da gida, Iya."

Ta dube shi sama da ƙasa, sannan ta dubi jikarta.

"Mubaraka, wa ya bar ƙofa a buɗe har shara ta shigo?"

"Iya, ki yi mini duk hukuncin da kika ga dama," in ji Ziyad, "amma ki yi shi a soro. Rufin nan tashi zai yi."

"Bawan Allah, rufin nan bara aka yi shi."

"Na yarda. Amma ba a ɗaure shi da ƙarfe ba. Iya, goro ne ban sani ba. Kwano kuwa a cikinsa na buɗe ido."

"To ka je ka rufa wa garinku. Ni nan nake zaune, nan Allah zai same ni."

Mubaraka ta durƙusa ta kama ƙafafunta.

"Iya, don Allah… Iyata, ki tashi!"

"Ke ma ya daskarar miki da hankali?"

Sai wani ƙara ƙaƙaƙaf! Kusurwar rufin ta ɗaga har suka ga sama, ƙura da tsakuwa suka zubo kan gado. Ziyad ya miƙe.

"Ki gafarce ni, Iya."

Kafin ta ce me, ya juya baya, ya sunkuya, ya kamo hannayenta ya saɓa ta a gadon bayansa.

Wayyo! Abin da ba a taɓa yi wa Hajiya Lubabatu ba tun tana 'yar goye!

"Sauke ni! La'ilaha illallahu! Sauke ni, ɗan Parakou, mara kunya!"

Tana faɗa tana kwaɗa masa mafici a ka, fat, fat, fat. Shi kuwa ko gezau, gudu kawai yake. Ruwa ya ɓalle kamar da bakin ƙwarya. Guga da kwanuka na yawo a tsakar gida, bishiyar mangwaro ta sunkuya har ƙasa. Wani yankin kwano daga gidan maƙwabta ya taho yana juyi a iska. Mubaraka ta ƙwalla ƙara. Ziyad ya juya da sauri ya tare da damtsensa, bai tsaya ba har suka faɗa cikin soro. Adnan ya riga kowa shiga.

Soron goro ɗaki ne mai kaurin bango, rufin azara da ƙasa, da 'yar taga ɗaya can sama. Sanyi da ƙanshin ɗanyen ganye suka tare su. Huhunan goro jere a jikin bango. Ziyad ya sauke Iya a hankali a kusurwar da ta fi nisa da ƙofa, ya ɗora ta a kan buhu.

"Ku zauna nan, kada kowa ya matsa kusa da tagar. Adnan, taimake ni da sakata."

Sakatar ta tsufa, iska na dukan ƙofar kamar mai neman fansa. Adnan ya taɓa sau ɗaya, ƙofar ta buge shi, ya koma bayan huhu ya lafe. Ziyad ya zauna ƙasa, ya jingina bayansa da ƙofar, ya kafe dugadugansa.

Ba a yi minti biyar ba suka ji shi. Wani dogon kuka na ƙarfe, sannan rugugi, sannan ƙarar abu mai nauyi yana tafiya a sama yana dukan gidaje.

 Kowa ya san rufin wane ne.

Carbin Iya ya tsaya a hannunta, sannan ya ci gaba da gudu fiye da da.

A ɗan hasken tagar ne Mubaraka ta ga hannun rigarsa ya rine.

"Ziyad… jini!"

"Ƙwarzane ne kawai."

"Ƙwarzane ne yake ɗiga?"

Ta dubi Iya. Iya ta kawar da kai ta ƙura wa bango ido, kamar akwai wani rubutu a jiki. Mubaraka ta ɗauki wannan a matsayin izini. Ta rarrafa wurinsa, ta sa haƙori ta yage gefen mayafinta, ta shiga ɗaure masa damtse.

"Sannu… sannu, masoyina. Da zafi?"

"Ƙara ɗaurewa."

"Ya yi sako-sako ne?"

"A'a. Ba na so ki gama ne."

"Kai dai ba ka da dama! Mutuwa na ƙwanƙwasa ƙofa kana zance?"

"Ai bayana take ƙwanƙwasawa. Gabana ke ce."

Ta sunne kai, hawaye na sauka kan ɗaurin. Tsoro take ji, tsoro sosai, amma rabonta da jin zuciyarta a wurinta irin haka tun ranar da aka kwance ganyen nan. Rugugin iska ya rufe muryoyinsu, don haka ya samu sarari, ya dinga ɗaga murya don ta ji.

"In Iya ta ce shekara goma, zan jira!"

"Me ka ce?"

"Na ce zan jira! In ta kore ni gobe, jibi ina ƙofa!"

"Ban ji ba!"

Ya cika ƙirji da numfashi. Daidai lokacin iskar ta ɗan ɗauke, kamar ita ma tana son jin zancen.

"NA CE INA SON KI, MUBARAKA!"

Soron ya amsa. Tsit.

Daga kusurwa muryar Iya ta fito a bushe.

"Mun ji. Har mutanen ƙauyen Pélébina sun ji."

Mubaraka ta rufe fuska da tafukanta, ta so ƙasa ta tsage ta shige.

Iskar ba tafiya ta yi ba, ƙarfi ta je tarowa. Ta dawo da abin da ya fi na farko. Ƙasa ta fara zubowa daga tsakanin azara. Sai wata ƙara, ƙaf-ƙaf-ƙaf, rimmm! Mangwaron ya faɗo kan soron. Ginin duka ya girgiza, tagar ta toshe da ganye, duhu ya rufe su.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!"

A cikin duhun nan aka ji wani ya fashe da kuka, kuka na gaske har da majina. Ba Mubaraka ba ce. Ba Iya ba ce.

"Mun mutu! Wayyo Allah, mun mutu! Iya, ki yafe mini! Ziyad, ka yafe mini, kada in tafi da haƙƙinka!"

"Adnan, rufe mana baki ka yi salati," in ji Iya.

"Ni ne, Iya! Ni na ce ya sa goron a firigo! Ya kira ni ya ce ni jikan masu goro ne, in gaya masa yadda zai ajiye shi kada ya yi yaushi. Na ce ya zare ganyen ya sa a ƙanƙara, haka muke yi a gida… Wallahi sharrin shaiɗan ne! Na ga zai ɗauke Mubaraka ne!"

Mubaraka ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi.

"Yaya Adnan! Kai? Kana kallona ina kuka sati uku, kana cin tuwon da na tuƙa?"

"Pardon, Mubaraka… ki yafe mini…"

  Da Iya ta buɗe baki, ba jikanta ta yi wa magana ba.

"Kai, bawan Allah."

"Na'am, Iya."

"Gaskiya ya faɗa?"

"…Gaskiya ne."

"Na kunyata baffanninka a gaban jama'a. Na ce da kai shara. Me ya hana ka buɗe baki?"

Ƙofar ta sake dukan bayansa, ya cije leɓe ya ƙara kafewa.

"Jikanki ne, Iya. Gidan nan nake son shiga. In na shigo da sunansa a bakina, na raba ku tun ban zama naku ba. Kuma ba shi ya buɗe firigon ba, hannuna ne."

"Wawa," in ji Iya.

Mubaraka ta runtse ido. Shi ke nan.

"Wawa na gaske. Mutum ya ce ka tuɓe wa goro rigarsa, kai kuma ka tuɓe? Ko uwarka ba ka tambaya ba?"

"Na ji kunya ne, Iya. Na so in burge ku."

"Ka kuwa burge mu."

 Aka bar iska da ruwa suna ta nasu, Adnan na jan hanci, Mubaraka na zaune kusa da ƙofa tana karanto duk addu'ar da ta zo bakinta. Rabi don su fita da rai take yi, rabi kuma, Allah Ya sani, don tsohuwar nan ta sauko.

Wajen awa ɗaya Ziyad ya yi yana tokare da ƙofar. Sannu a hankali dukan ya ragu, rugugin ya yi yamma, aka koma jin yayyafi da muryoyin mutane suna kiran 'yan'uwansu. Da ya zo miƙewa ƙafafunsa suka ƙi, sai da ya dafa bango.

Suka ture rassan da suka tare ƙofa suka fito. Rana ta leƙo, har da haskenta, kamar ba ita ta gudu ta bar mutane ba.

Gidan ya koma wani iri. Mangwaron na kwance a kan soro, soron kuwa ko tsagewa bai yi ba. Ɗakin Iya ya zama bango huɗu a buɗe. Mubaraka ta riƙe ta suka taka a hankali har bakin ƙofar. Wani ƙaton katakon rufi ya faɗo a tsaye, ya huda katifar, daidai wurin da take zaune ɗazu.

Iya ta daɗe tana kallonsa. 

"Alhamdu lillahi," in ji Iya can ƙasa-ƙasa. Ta share ido da bakin zane, da sauri, don kada a gani.

Sannan ta juyo, murya ta dawo.

"Adnan!"

"Na'am, Iya…"

"Gobe da sassafe ka hau moto ka tafi Parakou. Ka durƙusa gaban baffannin yaron nan ka maimaita abin da ka faɗa a soro, kalma ba ta ragu ba. Ba sai iska ta taso ba."

"To, Iya."

"Ɓace mini da gani."

Ziyad na tsaye can gefe, riga jiƙe sharkaf, ɗaurin hannunsa ya sake rinewa. Ya matso ya durƙusa.

"Iya, bari in kama hanya tun da sauran rana. Gobe zan turo ma'aikata da kwano. Ba don komai ba… ko ba ki yafe mini ba, ɗaki dai sai da rufi."

Zuciyar Mubaraka ta tsinke. Ta dubi kakarta. In ya fita ƙofar nan ba a ce komai ba, ta san Iya, ba za a sake tayar da zancen ba har abada.

Iya ta dube shi. Ta dubi jinin. Sai ta juya ta galla wa jikarta harara.

"Ke kuma tsayuwar me kike yi kamar an dasa ki? Ba ki ga mijina yana zubar da jini ba?"

Mubaraka ta yi sororo.

"Iya… wa?"

"Mijina mana! Angona! Ko kin ga wani namijin a nan? Mutum ya goya ni a gaban jama'a, ai sai aure. Maza ɗora ruwan zafi a gasa masa hannu. In ubanki ya dawo daga Sérou, ki ce ina nemansa, a sa rana. In kin yi wasa kuwa ni zan riga ki tarewa."

Kaka ba ta wasan miji da bare. Mubaraka ta sani, Ziyad ma ya sani. Ya kifa goshinsa a kan laka, kafaɗunsa na girgiza.

"Na gode, Iya… na gode…"

"Tashi, kada ka ɓata mini fuskar ango."

Mubaraka ta ƙanƙame tsohuwar har sai da ta ce wayyo gwiwata. Ta saki, ta dubi Ziyad, ya dube ta, kunya ta kama ta kamar yau ta fara ganinsa. Ta kwasa a guje ta nufi madafi.

Madafin ma babu rufi. Murhu ya cika da ruwa, itace ya jiƙe, ashana ta narke a kwalinta. Ta durƙusa a cikin lakar tana ƙyasta ɗaya bayan ɗaya, ko ɗaya ba ta kama ba, tana dariya, hawaye na zuba.

"Mubaraka! Ruwan fa?"

"Yanzu, Iya! Yanzun nan!"